Tsakanin Ƙugu da Kafaɗa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata, wadda nake kira Uwata saboda sunan da aka sa mata. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sauke ku lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki.

Na ce kada ki buɗe takardar nan sai motarku ta wuce Takieta. Na san halinki, wataƙila tun ba ku kai Tirmini ba kika farke ta. Ba komai. Na zaɓi Takieta ne don a nan hanya take rabuwa, ku miƙe zuwa Yamai, ta hagu kuma ta gangara Kano. Waccan ta hagun ita na bi ina saurayi, kuma abin da na yo a can shi ne dalilin rubutun nan.

Za ki koyi aikin ungozoma, za ki zauna shekara uku a gidan kawunki Ilu, yayan innarki. Za ki ci tuwonsa, ki sha ruwan randarsa. To, akwai wata magana tsakanina da shi da na danne wajen shekara ashirin, kuma ba zan yarda ki shiga gidansa kina ɗauke da sunana ba ki san ta ba. A ƙarshen takardar akwai saƙon da za ki kai masa. Kada ki tsallaka can, bi ni a hankali.

Kin san wasan da yake yi mini duk sanda ya zo Damagaram. A kawo fura, ya ɗaga ludayi, ya juyo da idonsa ɗaya ya ce, "Alƙali, wannan furar mai zafi ce ko mai sanyi?" Ku yara ku yi ta dariya, don wa ya taɓa jin fura mai zafi. Ni kuwa sai in tashi in ce bari in duba rago. Kun ɗauka raha ce ta surukai. Ni kowane lokaci ji nake kamar an yaye mini riga a tsakiyar kasuwa.

Ga yadda abin yake. Da na gama lakwal, wato makarantar boko, kusan shekara goma kafin 'yancin kai, na samu aikin komi, ƙaramin akawu, a wani kamfanin sayen gujiya. A lokacin gujiyar Damagaram ta Kano take bi, don can jirgin ƙasa yake. Sai aka tura ni can in riƙa karɓar kamyo-kamyo, manyan motocin kaya da ke zuwa daga gida. Na sauka a Fagge, gidan babban akawun sito, wani dattijo Malam Tanko. Shi ya ba ni ɗaki, shi ya koya mini ɗan Ingilishin da nake fama da shi, kuma da kalma ɗaya tasa ana iya mayar da ni gida. Baba nake ce masa. A nan na haɗu da Ilu, ɗan manoman Guna, yana bin kamyo, saura kaɗan ya samu permi, takardar izinin tuƙi, ya zama shofer. Ido gare shi, Uwata. Yana kan kaya yake hango rami tun shofer bai gani ba. Baki kuma gare shi, wannan kin sani.

Bayan siton akwai fili, kuma ranar Asabar da la'asar ma'aikata suna yin wani wasan Ingilishi da ake ce wa kurket. Ba a san shi a ƙasarmu ba, don haka bari in gaya miki abin da kike bukata kawai. Ana kafa turaku uku. Mutum ɗaya ya tsaya gabansu da faffaɗan katako yana tsaron su. Wani ya taho daga can ya jefo ƙwallo, da nufin ta daki ƙasa ta tashi ta kayar da turakun, mai katako kuma ya maka ta nesa. Ƙwallon ba irin ta tsumma ba ce da kuka yi wasa da ita. Fata ce ja, ɗinkakkiya, ba ta fi lemo girma ba, tauri kamar goriba. Alƙalai biyu ne, sanye da farar riga. Ɗaya yana bayan mai jifa, ɗaya yana can gefe daidai mai katako.

Ni ban iya jifa ba, ban iya bugu ba. Farar rigar nan na gani na so. Wanda ke riƙe da alƙalancin wani tsohon malamin makaranta ne, Malam Bawa, mutum mai ƙarancin magana. Ya zaunar da ni ya yi mini bayanin dokoki, rabi Hausa rabi Ingilishi, ya ce, "Ka gane?" Na ce, "Sarai." Wallahi ko kashi ɗaya cikin uku ban gane ba. Na ji kunyar a ce ɗan lakwal ɗin Faransa bai gane ba, alhali tun a kan cewa gujiya maimakon gyaɗa suke yi mini dariya. Wata biyu na yi ina alƙalanci da kallon fuskokin mutane. In na ga an yi ihu da yawa in ɗaga yatsa, in na ga an yi shiru in yi shiru. Ana ƙirga jifa shida-shida, alƙali yana riƙe da tsakuwa shida yana mayar da ɗaya wancan aljihu bayan kowace jifa. Ni gujiya nake sawa. Wata rana na shagala na cinye biyu, na tsayar da jifa a ta huɗu, fili ya kwashe da dariya. Tun ran nan Ilu ya laƙaba mini Alƙali, ba don girmamawa ba.

Ki ji ni nan. A makarantarku za a yi miki bayani da Faransanci mai gudu, a ce kin gane. In ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba, ko ajin duka zai yi dariya. Dariyar gujiya ba ta kashe ni ba. Amma watanni biyun nan sun koya mini wani mugun hali, na duba fuskar mutane kafin in duba abin da ya faru, kuma halin bai bar ni ba ko bayan na san doka.

Don na zo na san ta. Wannan nake so ki riƙe, kada ki nema mini uzuri da jahilci. Malam Bawa ya gano ni, bai tona ni ba, ya riƙa tsayar da ni bayan an tashi yana koya mini da Hausa zalla. Dokar da ya fi nanatawa ita ce ta ƙwallon da ta zo wa mai katako kai tsaye ba ta taɓa ƙasa ba. Irin wannan ita ce mai haɗari, don mutum yana jiran ta a ƙasa sai ya gan ta a jikinsa. Yadda muke bi a filin nan, in jifar mai zafi ce, wato mai gudu, to da ta wuce ƙugun mutum a tsaye ta haramta. Alƙali ya miƙa hannu gefe ya yi kira, ya gargaɗi mai jifa, in ya sake a karɓe ƙwallon daga hannunsa. In kuwa mai sanyi ce, an yafe mata har kafaɗa, don mutum yana da lokacin kaucewa. Kin ga ke nan daga ƙugu zuwa kafaɗa, wurin da bai fi kamu biyu ba, babu abin da ke raba halal da haram sai abin da alƙali ya ce game da zafin jifar. Na gefe shi ke nuna tsayin da ta kai. Na bayan mai jifa shi ke yanke zafi ko sanyi.

Na tambaye shi, "Malam, da me ake aunawa? Ba agogo, ba sikeli."

Ya ce, "Da abin da Allah Ya ba ka. Mai sanyi tana hawa ta sauko, kana ganin ɗinkinta yana juyawa. Mai zafi miƙewa take kamar an ja igiya. Ka saurari ƙararta a hannun mai cafewa da ke bayan turaku. Ka dubi ƙafar mai katako, ta samu motsawa ko ba ta samu ba." Sai ya kama hannun rigata ya ce, "Abu ɗaya kada ka yi. Kada ka auna mutumin. Mai sanyin hannu yana iya sako wuta, mai zafin hannu yana iya sako ruwa. Wannan ƙwallon da ta fita yanzu, ita kaɗai ake tambayarka."

Na ce na gane, kuma a wannan karon gaskiya na faɗa.

Malam Tanko, mai gidana, shi ne mai sanyin jifa na filin. Shekara da shekaru yana yi. Taku uku yake yi ya sako ta a hankali tana murɗawa, samari su kai mata duka su sami iska. Ruwan Randa ake kiransa, kuma yana jin daɗin sunan. Ranar da nake ba ki labari ina bayansa, Malam Bawa yana gefe, Ilu ne da katako. Ilu kuwa ya gano lagonsa. Yakan durƙusa a gwiwa ɗaya ya share ƙwallon gefe kamar mai shara da tsintsiya. Sau uku yana aika ta bayan tarin buhuna. A ta ukun ya dogara da katako ya ce da ƙarfi, "Baba, a ƙara itace mana, tuwon nan bai nuna ba." Leburori suka yi ta shewa. Na ga wuyan Malam Tanko ya kumbura. Ilu bai kyauta ba, dattijo ne, gaban yaransa. Na sha riƙe wannan a raina ina rarrashin kaina da shi, amma rashin kunyar baki ba a biyan ta da ido.

Jifar da ta biyo, taku ukun nan dai ya yi, amma kafaɗarsa ta juya yadda ban taɓa gani ba. Ƙwallon ba ta taɓa ƙasa ba, ta wuce ta gaban ƙirjin Ilu, ta faɗa hannun mai cafewa da ƙara, tas. Malam Bawa ya dafa ƙirjinsa yana nuna mini inda ta kai. Idona ya ga igiya, kunnena ya ji ƙarar. Amma kaina ya ce, haba, Ruwan Randa ne fa, yaushe ya taɓa yin zafi, kuɓuce masa ta yi. Kafin in gama gardama da kaina lokacin kira ya wuce. Na mayar da gujiya ɗaya wancan aljihu.

Wannan ta farkon kuskure ce, kuma irinta ce nake ji miki tsoro a aikinki. Za a kawo miki mace a ce ai wance ce, haihuwa bakwai ba ta taɓa wahala ba, kamar akuya take sauka. Za a kawo wata a ce wannan raki gare ta, kullum haka take ihu. Kada ki karɓi ko ɗaya. Ba haihuwa bakwai ɗin aka kawo miki ba, ta yau aka kawo. Ki duba jinin da ke gabanki, ki taɓa goshin da ke gabanki. In idonki ya gaya miki abu, sunan matar ya gaya miki wani, ki bi idon.

Ta biyun ba kuskure ba ce. Malam Tanko ya karɓi ƙwallo, ya zo wucewa ta kusa da ni yana goga ta a wando, ya ce ƙasa-ƙasa ba tare da ya dube ni ba, "Ɗan gidana, ka ga wani abu ne?" Na ce, "Ban ga komai ba, Baba." Ya sake sakowa, irin ta ɗazu sak, har ta fi. Ilu ya ja da baya da ƙyar, ta shafi rigarsa. Malam Bawa ya sake dafa ƙirji, wannan karon ya bar hannun a nan yana kallona. Na san mai zafi ce kamar yadda na san sunana. Hannuna na dama har ya fara tashi. Sai na tuna ɗakina na Fagge, na tuna ranar da zan sauka a tashar Damagaram da akwatina a ce an koro ɗan lakwal. Na tura hannun cikin aljihu na kama gujiya.

Ilu ya daina dariya. Ya dube ni ya ce, "Alƙali, yaya?"

Na ce, "A ci gaba."

Ya ɗan tsaya, ya gyaɗa kai. Abin da gyaɗa kan nan yake nufi shi ke hana ni sakewa har yau. Duk tsiyar da yake yi mini, ya yarda da ni. Ya ɗauka tunda ɗan ƙasarsu da ke tsaye a bayan mai jifa, wanda ya fi kowa ganin hannun, ya ce ba komai, to idonsa ne ya ruɗe shi, jifar ba ta kai yadda ya zata ba.

Uwata, duk inda kika ga abu ya fara karkacewa, ki yi magana a karon farko, in kin makara ki yi a na biyu. A asibiti za ki tarar da manya, lokotoro, wato likita, da tsofaffin ungozomomi, waɗanda takardarki ke hannunsu. Wata rana ɗayansu zai yi abin da kika san ba daidai ba ne, ya tambaye ki ko kin ga wani abu. Ba na ce ki yi rashin kunya ba. Ki rusuna, ki sassauta murya, ki ce kin gani. Da na miƙa hannun nan, iyakarta Malam Tanko ya yi fushi, wataƙila in kwana biyu ina neman ɗaki. Shi kansa da na cece shi, don bai ƙara taɓa ƙwallo ba har ya mutu, kuma ba na jin ya yi niyyar abin ya kai inda ya kai. Tsorata yaro ya so yi. Aikina ne in tsayar da shi, don haka aka ba ni rigar.

Ta ukun ta zo daidai ƙirji, irin na baya. Amma Ilu ya riga ya durƙusa zai share ta, kamar yadda ake yi wa mai sanyi. Ƙirjin mutum a tsaye shi ne fuskarsa a durƙushe. Ƙarar kamar an saki ƙwarya a kan dutse. Bai yi ihu ba, ya dai kife.

Aka ɗauke shi zuwa gindin wata bishiya, aka rufe masa fuska da rawani, ana jiran mota. Baturen kamfanin ya fito daga inda yake zaune. Yana jin Hausa irin ta littafi, amma kunnensa ba ya raba mace da namiji sosai. Ya tambayi Malam Bawa tsayin ƙwallon, ya ce ƙirji, duka ukun. Sai ya ce to magana ta koma kan zafi. In mai zafi ce, Malam Tanko ya jefi mutum da gangan sau uku, zai bar fili ya bar sito. In mai sanyi ce, doka ba ta hana ba, tsautsayi ne, yaro ne ya kai fuskarsa. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai ne a baya. Ƙwallon, mai zafi ce ko mai sanyi?"

Ban taɓa yin tunani da sauri irin na lokacin ba, kuma ban taɓa yin mummuna irinsa ba. Ba na so in yi ƙarya, ɗan malamai ne ni, ga mutane. Ba na kuma so in faɗi gaskiya. Sai na sami wata 'yar ƙofa. Na dubi Malam Tanko na ce, "Mai sanyi ne, ranka ya daɗe. Kowa ya sani."

Kin ji abin da na yi? An tambaye ni ita, na ba da amsar shi. Ne na ce, ban ce ce ba. Malam Tanko mai sanyin jifa ne, kowa ya sani, ko a gaban alƙalin gaske zan rantse a kan haka. Bature bai ji bambancin ba. Ya ce to, tsautsayi, ya juya. Har wani daɗi na ji a raina na daƙiƙa ɗaya, wai na tsallake ban yi ƙarya ba.

Malam Bawa ya ji. Ya tako har gabana ya miƙo hannu ya ce, "Kawo rigar." Na tuɓe na ba shi. Ya ninke ta a hankali ya ce, "Hausarka ta fi alƙalancinka." Bai ƙara yi mini magana ba har na bar Kano. Ilu kuma yana kwance taku huɗu daga inda nake, fuska a rufe, kunne a buɗe.

Wannan ita ce wadda ta fi ci mini rai, fiye da shirun da na yi a fili. Shirun tsoro ne, tsoro kuwa yana kama kowa. Wannan dabara ce, da hankalina na ƙera ta. Ke ma kina da baki, kin gaje ni, tun kina ƙarama in an tambaye ki wa ya sha nonon sai ki ce kin ga kyanwa a tsakar gida, kuma da gaske kin gan ta. Muna dariya muna cewa yarinyar nan da wayo. Ni ba na dariya har ciki. Ranar da wani abu zai lalace a hannunki, kuma zai lalace, don aikin rai ne, za a tambaye ki. Za ki ga 'yar ƙofar nan a buɗe, kalmar da gaskiya ce amma ba ita aka tambaya ba. Ki amsa abin da aka tambaye ki. Wanda ya yi ƙarya tsagwaronta ya san yana da tuba a gabansa. Ni na shekara biyar ina gaya wa kaina ban yi ƙarya ba.

Idon hagu ya tafi. Mai ido ɗaya ba a ba shi permi, shoferancin da ya shekara huɗu yana bi ya ƙare a nan. A sito kuma labarin da ya zauna shi ne Ilu ya cika rawar kai, ya durƙusa wa ƙwallon da yaro ma zai kauce mata. Da bakina aka rubuta wannan.

Ni na yi jinyarsa. Kullum ina asibiti da kunu, ni na wanke masa tufafi, da aka sallame shi na nemi izini na kawo shi har Guna a gaban kamyo, kansa a kafaɗata. Kada ki ce to ai Baba ya yi ƙoƙari. Ban san inda tausayi ya tsaya, inda neman rufin asiri ya fara ba. Kakanki, mahaifin Ilu, Allah Ya jiƙansa, ya riƙe hannuna a zaure ya tara 'yan'uwa ya ce, "Ku dube shi. Wannan ba aboki ba ne, ɗan'uwa ne." Aka yanka mini kaza. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kawaici ne. Da na ga innarki na so ta, da na aika, kakanki ya ce ko ba a tambaya ba wanda ya ɗauko Ilu daga Kano ya isa. Ilu yana zaune a wurin. Da ya buɗe baki da ba a yi ba. Sai da aka shafa fatiha aka kawo fura, ya ɗaga ludayi ya yi mini tambayar nan karon farko.

Kin ga ke nan gidan da aka haife ki a ciki, da yabon da ba nawa ba aka aza harsashinsa. Ina son innarki, ban taɓa nadamar aurenta ba ko na yini ɗaya, ke kuma ba ni da abin da ya fi ki. Amma na karɓi godiyar mutanen da ya kamata in durƙusa a gabansu. In aka yaba miki a kan abin da kika san akwai sauran magana, ki faɗi sauran maganar a wurin, tun kazar ba ta nuna ba. Kowace shekara da ta wuce faɗar tana ƙara nauyi.

Na gwada sau ɗaya. Shekarar 'yancin kai, da ya samu aikin masinja a wani biro, wato ofis, a Yamai, na raka shi tasha. Gari duk tuta, kowa yana murna. Ya sa ƙafa ɗaya a mota, na kama hannunsa na ce, "Ilu." Ya sauko da ƙafar ya tsaya yana jira. Na dubi takalmina na ce, "A gaida mutanen Yamai." Ya ce, "Shi ke nan, Alƙali?" Na ce shi ke nan. Ya ce, "To, Allah Ya kai mu," ya hau.

Ranar Juma'ar da ta wuce na gaya wa innarki duka, tana tsintar wake a faifai. Na zaci kuka ko faɗa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ragon nan da kake tashi dubawa duk sanda Yaya ya yi maganar fura, shekarar da ba mu da rago ma sai da ka je ka duba shi." Na ce to me za ta ce. Ta ce, "Ni ba ni na durƙusa ba. Ka kai wa mai ita." Ta ci gaba da tsintarta. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ran nan ba.

Ga saƙon. Na san aika ki ma wani guntun tsoro ne, kamata ya yi in zo da ƙafata. Zan zo, bayan an ɗaure hatsi, na riga na gaya wa innarki, ita kuwa kin san ba ta mantuwa. Amma na san kaina. In na zo maganar ba ta riga ni ba, zan gaishe shi, in tambayi iyali, in dawo. Shi ya sa nake so ki kai ta, don in rasa ƙofar fita.

In kin sauka, ki yi sallama, ki durƙusa ki gaishe shi yadda ya kamata. Za a kawo miki ruwa. Kafin ki sha, a gaban matarsa da duk wanda ke wurin, ki ce, "Kawu, Baba ya ce in gaya maka, mai zafi ce. Duka ukun. Kuma ya gani." Ki lura da bakinki, ce za ki ce. Kada ki ƙara komai, kada ki ce na yi nadama, kada ki ce ina yaro lokacin. In ya yi dariya, ki bar shi. In ya zage ni, kada ki tare mini, haƙƙinsa ne. In ya yi shiru ya shiga ɗaki, ki zauna inda kike. Ba zai kore ki ba, mutumin da ya riƙe bakinsa ranar ɗaurin auren innarki ba zai huce a kanki ba. Duk abin da ya yi ki rubuto mini shi yadda ya faru, kada ki sanyaya mini.

In kuma bayan kin karanta kin ji na ragu a idonki, ba zan ce kin yi laifi ba. Gara ki san tsayina na gaskiya.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki taimaki matar kawunki da aikin gida ko kin gaji. In za ki miƙa masa abu, ki zo ta damansa, ba ya son a lura yana juyo da kai. Innarki tana gaishe ki, ta ce yajin yana ƙasan akwati cikin tsumma. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa albarka a hannunki, duk wadda za ta haihu a gabanki Ya sauke ta lafiya ita da abin da ta ɗauko. Allah Ya ba ki ido mai gani, da bakin da zai faɗi abin da idon ya gani. Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinki, wanda kawunki yake kira Alƙali.